Zauren Uwargida: Kafin Ki Kai Yara Bakin Dam

Hutun makaranta ya gabato, na kuma san wasunku yara sun dame ku da hotunan Tafkin Komo na ƙasar Italiya a waya: ruwa shuɗi, manyan duwatsu, jirage na kai da kawowa. To, mu ma Allah bai hana mu ba. Daga Unguwar Ya, in maigida ya amince aka yi sammako, ana iya yini a Dam ɗin Tiga na Jihar Kano, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. A shimfiɗa tabarma, a ci dambu, yara su kalli masunta.

Sai dai uwargida, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ba mu manta da hatsarin Bagwai na watan Nuwamba 2021 ba, inda kwalekwale ya kife a Dam ɗin Watari, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙan su. Don haka in babu rigar kariya ga kowane yaro, ko kika ga an cika kwalekwale maƙil, kada ki ji kunyar cewa a'a, ko da kin biya kuɗi.

Na biyu, a hana su wanka. Ruwan da ke kwance, na dam ne ko kududdufin bayan gari, yakan ɗauki ƙwayar tsargiya. A jikin ƙananan katantanwa take girma, ta huda fatar yaro ba tare da ya sani ba. In kin ga jini a ƙarshen fitsarinsa, ba alamar balaga ba ce. Ki kai shi asibiti, akwai magani, praziquantel.

In kuma kuɗin mota ya yi wuya, ga Birnin Kudu kusa. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, ga kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga. A je da hantsi, a riƙe ruwan sha da takalmi mai kama ƙafa.

Wace ce ta taɓa kai yaranta ɗaya daga cikin wuraren nan? Ta ba mu labari a ƙasa, 'yan'uwa su ƙaru.