Godiyar da Ba Ta Jiran Kaka

'Yan'uwa cikin Almasihu, kaka ta yi, ikkilisiyoyinmu kuma sun shiga shirin sujadar godiya. An raba ambulan, zumuntar mata sun ɗinka anko, mawaƙa suna ta koyon sababbin waƙoƙi. Ranar Lahadin za a shigo da buhunan masara da dammunan dawa, da doya da kaji, ana rawa har gaban bagade. Wannan abu ne mai kyau, Allah ya sa albarka. Amma akwai abin da ya daɗe yana damunmu, mu da aka danƙa wa aikin koyar da bangaskiya.

A bara, a wata ƙaramar ikkilisiya inda muke hidima, wata gwauruwa wadda ba ta fashin sujada ba ta zo ranar godiya ba. Da muka je gaishe ta sai ta ce, "Malam, ruwa ya ɗauke da wuri, gona ba ta yi ba. Me zan riƙo in fito gaban jama'a?" Wannan magana ta tsaya mana a rai. Baiwar Allahn nan ta yi shekaru da baftisma, duk da haka ta ɗauka cewa sai mai cikakken rumbu ke da dalilin godiya. Laifin namu ne, gama mu muka koya mata haka.

Ku saurari shaidun da ake bayarwa a majami'a. Wannan ya sami mota, wancan an yi masa ƙarin girma, ɗiyar wance ta ci jarrabawa. Dukansu alherin Allah ne. Amma yaushe rabonmu da jin wani ya miƙe ya gode domin an gafarta masa zunubi?

A 1 Korintiyawa sura 15, Manzo Bulus ya tuna wa ikkilisiya abin da ke gaba da kome, wato mutuwar Almasihu saboda zunubanmu, da binne shi, da tashinsa a rana ta uku. Wannan ne Shaidar Bangaskiya ta Manzanni take ɗauke da shi, wadda muke sa 'yan ajin baftisma su haddace. Shi ne kuma shugabannin ikkilisiya suka tabbatar a taron Nikiya a shekara ta 325. Har ma sunan da ake kiran Jibin Ubangiji da shi a Helenanci, Yukaristiya, ma'anarsa godiya. Ashe tun farko godiyar Kirista a gindin gicciye take, fari kuwa ba ya taɓa ta.

Mu duba Luka sura 17. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya tak ya komo ya faɗi a gabansa, shi ma Basamariye. Sauran taran sun karɓi lafiya sun wuce, sun manta da wanda ya ba su. A Ayyukan Manzanni sura 16 kuwa, Bulus da Sila suna kurkuku a Filibi, an yi musu dūka, ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare suna addu'a suna yabon Allah. Wace gona ce ta yi musu albarka a daren nan?

Wani zai ce, "Malam, mai jin yunwa ba ya jin wa'azi." Gaskiya ne, yunwa ba wasa ba ce, kuma godiya ba ta hana mu kuka ga Allah, gama Zabura cike take da koke-koke. Shi ya sa muke roƙon dattawan ikkilisiya, kafin a yi gwanjon kayan godiya, a fara cire rabon gwauraye da marayu. Wanda ya tuna an cece shi kyauta ba zai ƙulle rumbunsa ga ɗan'uwa ba.

To, me za mu yi? Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka kuma sake fassara shi a 1979, amma a gidaje da yawa sai Lahadi ake kakkaɓe masa ƙura. Bari kowane maigida ya tara iyalinsa da asuba, ko na minti biyar ne. A karanta aya ɗaya, yara su faɗi Shaidar Bangaskiya, sa'an nan a fara addu'a da godiya domin ceto kafin a roƙi abinci da kuɗin makaranta. Da dare kuma kowa ya ambaci abu ɗaya da Allah ya yi masa a yinin.

Mu masu wa'azi kuma mu gyara bakinmu. Bana mun koma wurin gwauruwar nan mun roƙe ta gafara, mun ce mata ta zo ko da hannu wofi, kujerarta tana nan. Idan akwai irinta a unguwarku, ku je ku taho da ita ranar godiya. Ubangiji ya taimake mu. Amin.