Yinin Baƙo a Birnin Landan

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wannan magana tana tabbata ga yawancin 'yan Nijeriya da Allah ke kai wa Landan, su sami yini guda na yawon buɗe ido. Akan hau doguwar motar nan mai bene, a zagaya gari, a ɗauki hoto a ƙofar fada, sa'an nan a ƙarasa yinin a kantunan Titin Oxford. Mutum ya komo gida da kaya niƙi-niƙi, alhali kuwa ya gilma ta wuraren da aka yanke shawarar makomar ƙasarsa bai sani ba. Ga wata hanya da ƙafa za ta iya ci, tsawonta bai wuce mil 4 ba.

A fara da sassafe daga Westminster, bakin Kogin Thames. A nan babbar mujami'ar nan take, wadda ake naɗa sarakunan Ingila a cikinta tun 1066, har zuwa naɗin Sarki Charles na Uku a 2023. Daura da ita ga ginin Majalisa da hasumiyar agogo. Mutane da yawa suna zaton hasumiyar ce Big Ben, amma sunan na ƙararrawar da ke ciki ne, mai nauyin fiye da tan 13, wadda ta fara bugawa a 1859. Abin da ya kamata ɗan Nijeriya ya tuna a nan shi ne, cikin wannan gini aka zartar da dokar da ta ba ƙasarsa mulkin kai a 1960.

Daga nan sai a ratsa lambun St James zuwa Fadar Buckingham mai ɗakuna 775. A nan jama'a ke cincirindo don kallon dogarai masu jar riga da doguwar baƙar hula. To, kusa da fadar akwai wani gida da ba safai ake waiwayarsa ba, watau Lancaster House. A cikinsa aka yi taron tsarin mulkin Nijeriya a 1957 da 1958. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Nnamdi Azikiwe, da Obafemi Awolowo, duk sun zauna a wannan gida, kuma a taron 1958 ne aka tsai da ranar 1 ga Oktoba, 1960. Gidan na gwamnati ne, ba kullum ake shiga ba, amma ko tsayuwar minti biyar a wajensa ta fi hoto goma a ƙofar fada amfani.

Sai a bi faffaɗan titin da ake kira The Mall zuwa Dandalin Trafalgar, inda gunkin Nelson ke tsaye bisa doguwar ginshiƙi don tunawa da yaƙin ruwa na 1805. A gefen dandalin, kan titin Northumberland, ofishin jakadancin Nijeriya yake. In aka miƙe gabas ta titin Strand za a iske Bush House. Daga wannan gini muryar Sashen Hausa na BBC ta riƙa isa zauruka da rumfunan kasuwa har zuwa 2012 da aka tashi daga cikinsa. Yanzu ɗaliban jami'a ke karatu a ciki.

Zangon da ya fi nauyi shi ne Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shigarsa kuma kyauta ce. A sashen Afirka an jera kayan tagulla na Masarautar Benin, waɗanda sojan Ingila suka kwashe sa'ad da suka ci birnin a 1897. Gidan yana riƙe da wajen guda 900. Jamus ta amince a 2022 ta mayar wa Nijeriya mallakar nata kason, haka kuma wani ƙaramin gidan tarihi a Landan, mai suna Horniman, ya sallama guda 72 a wannan shekara. Shi kuwa babban gidan yana kafa hujja da wata doka ta 1963 wadda ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Wanda ya tsaya gaban waɗannan kaya da kansa, ya ga irin gwanintar maƙeran Benin, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan dalilin da ya sa ake neman a maido su.

In la'asar ta yi, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai mutum kusa da babban masallacin Regent's Park, wanda aka gama gininsa a 1977. Sai dai a lura da lokaci: a watan Disamba rana kan fāɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, a Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9.

Kantuna ba za su gudu ba, kuma irin kayansu ana samu a Legas da Kano. Kuɗin jirgi da wahalar biza sun yi tsada ƙwarai, bai kamata a ƙarar da su a kan takalmi da turare kaɗai ba. Wanda ya bi wannan hanya zai komo da labarin da zai ba 'ya'yansa game da yadda aka yi ƙasarsu ta tsaya da ƙafarta, da kuma abin da ya rage ba a karɓo ba tukuna. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya.