Darasi Daga Bishiya Ga Masu Ɗakunan Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, makomar ɗalibi ta rataya a kan wayoyin da ke ɗakin jarrabawa. A Arkilla da sauran unguwannin Sakkwato, makarantu da shaguna na haɗa kwamfutoci domin horar da yara. Sai dai akwai haɗarin da ba a cika kula da shi ba.

Kwamfutocin suna haɗuwa ne ta wani akwati mai rarraba saƙo, wanda ake kira suwic. Idan saƙon da aka aika wa kowa da kowa ya shigo, suwic yakan tura shi ta dukkan ƙofofinsa, ban da wadda ya shigo ta cikinta. Da zarar an haɗa suwic biyu da waya biyu, an yi zobe ke nan. Irin wannan saƙo ba shi da wa'adin mutuwa, saboda haka zai yi ta kewayawa, sababbi na taruwa a kansa, har hanya ta toshe, aiki ya tsaya cik.

A shekarar 1985 wata masaniya a Amurka, Radia Perlman ta kamfanin DEC, ta fito da magani, wato tsarin STP, wanda hukumar IEEE ta amince da shi a 1990. Akwatunan sukan zaɓi ɗaya ya zama saiwa, suna aika wa juna saƙon gaisuwa duk bayan daƙiƙa 2. Kowanne ya nemi hanya mafi sauƙi zuwa ga saiwar, a rufe sauran. Abin da ya rage bishiya ce, reshe ba ya komawa ya haɗe da ɗan'uwansa. Wayar da aka rufe kuwa ba ta zama asara ba. Tana nan kamar ƙananan jijiyoyin jini da kan buɗe idan babbar ta toshe. A tsarin farko buɗewar kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50, amma gyaran 2001 ya rage wannan jira ƙwarai.

Tsarin kansa yana bukatar mai kula. A Nuwamban 2002, asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya koma aiki da takarda na kusan kwana 4, domin akwatunansa sun yi yawan da ya wuce iyakar tsarin.

Abin takaici, mafi arahar suwic a kasuwa sau da yawa ba shi da wannan tsari, alhali waya ɗaya da yaro ya soka bisa kuskure ta isa ta durƙusar da ɗaki guda ana tsakiyar jarrabawa. Araha ba ta ado. Wajibi ne masu makarantu su tambayi mai sayarwa ko akwatin yana da STP, su tabbatar an kunna shi, su kuma ajiye taswirar wayoyinsu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa ita ta fi cancanta ta horar da matasan da za su riƙe wannan aiki.