Annobar korona a Maraɗi: aikin wa ya zama tilas?

Ran 17 ga watan Maris na shekara ta 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi game da cutar korona, kwana 2 kafin a sami mutum na farko da ya kamu da ita a Yamai. A cikin wannan jawabi aka rufe iyakokin ƙasa da makarantu da gidajen silima da wuraren nishaɗi, aka kuma hana taron da ya wuce mutum 50, har da na suna da na aure. Daga baya aka dakatar da sallar jam'i, ba a sake buɗe masallatai ba sai ran 13 ga watan Mayu.

Waɗannan matakai, ko da yake ba su ambaci sana'ar kowa ba, sun raba ma'aikatan ƙasa gida biyu: waɗanda aka ce su ci gaba da aiki domin jama'a ba ta iya rayuwa in ba su, da waɗanda aka ce su dakata. Ba mu kaɗai muka yi wannan rabo ba. A watan Yuni na wannan shekara, jaridar Sunday Times ta ƙasar Singafo ta buga sakamakon tambayar da aka yi wa mutum 1,000 game da sana'o'in da suka zama tilas. Likitoci da masu jinya suka zo a gaba, masu shara na biye da su. Amma 71 cikin 100 suka ce aikin masu fasaha, watau mawaƙa da masu zane da ire-irensu, shi ne wanda aka fi iya haƙura da shi. Maganar ta tada ƙura ƙwarai a can.

To, bari mu auna wannan magana da ma'aunin Maraɗi.

Da farko dai babu mai hankalin da zai yi gardama a kan matsayin ma'aikatan lafiya. Jahar Maraɗi ta san annoba tun kafin korona: a shekara ta 2018 cutar amai da gudawa ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta sake dawowa jahar a 2021, kuma kowane lokaci likita da mai jinya ne suka tsaya tsakanin talaka da kushewa. Haka nan manoman rani na Jiratawa, waɗanda ke aiki a filin ban-ruwa da hukumar ONAHA ke kula da shi a bakin Gulbin Maraɗi. Da sun ajiye fartanya mako guda, da kasuwannin birni sun rasa kayan miya da ganyen zogala. Alhali kuwa tun watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa, cinikin da Maraɗi ke tinƙaho da shi ya riga ya yi sanyi. A irin wannan hali, wanda ke ciyar da gari ya fi wanda ke sa shi rawa, kuma hana taro da hukuma ta yi daidai ne.

Amma sai a dubi lokacin da hanin ya faɗo. Azumin 2020 ya kama a ƙarshen watan Afrilu, watau makonnin farko na hanin sun dace da watan Sha'aban, lokacin da iyaye ke gaggauta ɗaura aure kafin watan Ramadan. Kuma rani ne, sa'ad da mutanen karkara suka kau da amfanin gona, aljihu da ɗan nauyi, bukukuwa suka yawaita. Wannan shi ne kakar makaɗi. Mai kalangu da mai gurmi, maroƙi da zabiya, mai ɗaukar hoto, mai lalle, mai hayar kujeru da rumfa, duk daga biki suke ci. Ba su da albashi, ba su da rumbu, abin da aka yi musu kari yau shi ne cefanen gobe. An ci gaba da ɗaura aure, gaskiya ne, amma aure na shaidu da goro kawai, wanda ba ya ajiye ko dala a hannun mai ganga.

Wani abin lura shi ne cewa raina wannan sana'a ba korona ce ta kawo shi ba. Bahaushe ya daɗe yana sa makaɗi da maroƙi a ƙasan tsani. Yana jin daɗin kirarinsu, amma da wuya ya ba su ƴarsa. Duk da haka sarauta ba ta taɓa iya rabuwa da su ba. A fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, da ta Sarkin Gobir a Tsibiri, tambari da kakaki da algaita su ne ke shaida wa jama'a cewa sarki ya fito, kuma a bakin makaɗan fada ne aka adana jerin sunayen sarakuna da labarin yaƙe-yaƙensu tun kafin zuwan boko. Gwamnati ma ta gane haka tun zamanin Samariya, da aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, inda waƙa da wasan kwaikwayo suka zama hanyar kai kiran hukuma ga talakawa.

A nan ne lissafin "tilas" da "ba tilas ba" ya rikice. Sanarwar hukuma da Faransanci take fitowa. Mu masu aikin fassara muna mai da ita Hausa, amma mun san iyakar takarda: galibin mutanen ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa ba daga takarda suke jin labari ba. Daga rediyo suke ji, da bakin mai shela, da waƙar da yara suka ɗauka a wayar salula. Ga shi kuma an shiga annobar da shakka mai yawa, wasu suna cewa ciwon Turawa ne, wasu suna cewa dabara ce ta hana salla, har aka yi tarzoma a Mirya da Yamai a kan rufe masallatai. A irin wannan yanayi sarakuna da malamai da mawaƙa aka nema su yi wa jama'a bayanin wanke hannu da rufe baki da hanci. Watau mutumin da aka rufe wa hanyar abinci da safe, shi aka roƙa da maraice ya ari muryarsa. Tela kuwa ya fi shi sa'a, don da ɗinkin kayan biki ya tsaya sai ya juya kekensa ga ɗinkin ƙyallen rufe hanci, nan take ya ƙaura daga wancan rukuni zuwa wannan.

Ƙasashen da ke da hali sun biya wannan bashi da kuɗi. Jamus ta ware yuro biliyan 1 domin raya al'adu a watan Yuni na 2020. Faransa ta tsawaita wa ma'aikatan wasanni haƙƙinsu na kuɗin rashin aiki fiye da shekara guda. Ba wanda zai nemi baitulmalin Nijar ya yi koyi da wannan. Abin da gwamnatinmu ta iya shi ne ɗaukar kuɗin ruwa da lantarki na masu ƙaramin ƙarfi na watannin Afrilu da Mayu, taimakon da ya tsaya ga mai famfo da mita a gidansa. Amma bambancin ba na dukiya kaɗai ba ne. Faransa ta iya biyan mawaƙinta domin ta san sunansa da adadin kwanakin da ya yi aiki. Mu muna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, tun 1995, sai dai aikinsa ya fi shafar wanda ya buga faifai ko littafi. Makaɗin noma na ƙauye da zabiyar unguwa ba su da faifai.

A ganinmu, aikin da ya kamata a fara ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ƙungiyar UNESCO ta riga ta shawarci ƙasashe tun 1980 su ɗauki mai fasaha a matsayin ma'aikaci mai haƙƙi. Ma'aikatar magajin gari a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, tare da gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga da sarakunan makaɗa na fadoji biyu, suna iya rubuta sunayen masu wannan sana'a unguwa-unguwa, da irin kiɗan kowa da yawan bakin da yake ciyarwa. In an nemi waƙar faɗakarwa, a sa ladanta cikin kasafin yaƙi da cutar, layi ɗaya da kuɗin sabulu da na man mota. In kuma aka sake hana taro, ko don amai da gudawa ko don sanƙarau, mai rabon hatsi ya tarar da takardar tana jiransa a ofis.