Bikila Ma Ya Sa Takalmi a 1964

Malam, na karanta rubutunka da kake cewa zaɓen takalmin gudu almubazzaranci ne, tunda Abebe Bikila ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 ba takalmi. Ka faɗi rabin labari. A Tokyo a 1964 da takalmi ya sake cin zinare, kuma ya fi sauri.

Zo Nyanya da asuba ka ga samarin da ke gudu a gefen titin Abuja zuwa Keffi, kan kwalta da tsakuwa da fasassun kwalabe. Su kake ba wannan shawara?

Ƙafa ba iri ɗaya ba ce. Jiƙa tafinka ka taka kwali. In sawun ya fito cikakke, tafinka shimfiɗaɗɗe ne, nemi takalmi mai tallafa cikin ƙafa. In tsakiyar sawun siririya ce, nemi mai laushin ƙasa. Ka gwada takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Na gwanjo kuwa, juya shi ka duba duddugen. In ya cinye ta gefe ɗaya, tafiyar wani ya koya, gwiwarka ce za ta biya.