Mata Biyar Aka Kashe a Akote, Mu Kuma Muna Gardamar Ƙabila

Ranar hutun 1 ga Oktoba da ta wuce, wani mai gidan kallo a unguwarmu a Zuru ya ga da sauran lokaci kafin ƙwallon dare, sai ya tada janareto ya saka wa jama'a fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan. Na shiga ne saboda Sadiq Daba, Allah ya jiƙansa, wanda iyayenmu suka sani da sunan Bitrus tun zamanin Cock Crow at Dawn a NTA. Na fito raina a ɓace, kuma fim ɗin bai yi mini laifin komai ba. Abin da na ji daga bakin waɗanda muka zauna benci ɗaya da su ne ya hana ni sakat, har na ga gara in rubuta. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, domin zan tona ƙarshen labarin.

Fim ɗin ya fito a 2014, Tunde Babalola ne ya rubuta shi. Labarin yana faruwa a watan Satumba na 1960, ana saura 'yan makonni Turawa su miƙa mulki. A wani ƙirƙirarren gari mai suna Akote a Jihar Yamma, ana tsintar gawarwakin 'yan mata a daji, an yi musu fyaɗe, an tsaga musu wata alama a ƙirji. Gwamnatin mulkin mallaka ta tura Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa, da umarnin ya gama bincike kafin ranar 'yancin kai. Daga cikin waɗanda aka kashe akwai Chidinma, 'yar wani Inyamuri mai suna Okafor. Aka kama wani matafiyi Bahaushe, Usman Dangari, wanda ƙaddara ta bi da shi ta dajin. Yana hannun 'yan sanda Okafor ya jefe shi da adda, ya mutu yana rantsuwa bai aikata ba. Ashe makashin shi ne Yarima Aderopo, ɗan sarkin garin, wanda ya dawo daga jami'ar Ibadan cikin fararen kaya da Turanci mai santsi. Tun yana yaro wani limamin coci Bature, Dowling, ya tafi da shi Legas da sunan karatu, ya shekara da shekaru yana lalata da shi. Da Waziri ya kai wa manyansa Turawa gaskiyar, suka ce a binne ta, don kada a tada fitina ana gab da bikin.

To, da aka kunna fitila, gardama ta kaure a ƙofar gidan kallon. Wani matashi ɗan kasuwa ya ce ai fim ɗin ya faɗi gaskiya, haka ake yi wa Bahaushe a Kudu, ya kawo maganar Uromi. Wani dattijo tsohon soja, wanda na san ba ya fashin zuwa coci, ya ce an shirya fim ɗin ne don a ɓata sunan 'yan mishan da suka buɗe wa ƙasar nan makarantu da asibitoci, ya ce me ya sa ba su nuna malamin tsangaya ba. Nan take wani ya mayar masa da martani, magana ta koma ta addini. Samari kuwa Aderopo ne ya burge su. Ɗaya ya ce shi bai ga laifinsa ba, abin da aka yi masa ne ya rama. Na tsaya kusan rabin awa ina saurare, ban ji mutum ɗaya ya ambaci 'yan matan ba. Da na tambayi wanda ke kusa da ni ko ya riƙe sunan ko da ɗaya daga cikinsu, dariya ya yi, ya ce wa ke riƙe sunan gawa.

Wannan dariyar ita ce abin da nake faɗa da shi. Kowa ya shiga ɗakin da takardar shaidar ƙabilarsa da addininsa a aljihu, ya zauna awa biyu da wani abu yana laluben inda aka taɓa nasa, da ya samu sai ya ɗauka ya fito. Abin takaicin shi ne, irin wannan lissafin ne Turawan cikin fim ɗin suka yi. Da suka zauna da rahoton Waziri, tambayarsu ita ce wace gaskiya ce za ta fi sauƙin haɗiya ga Bayarabe da Inyamuri da Bahaushe. Matan da suka mutu ba su shiga lissafin ba, haka ma sunan mamacin da aka bari da tabon laifin da bai yi ba. Muka kalli wannan, muka tsine wa Winterbottom, sannan muka fito waje muka maimaita aikinsa da bakinmu.

Ba na raina kukan mai maganar Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan banga da 'yan gari a Uromi ta Jihar Edo suka tare wata mota, suka ga bindigogin farauta, suka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa Kano yin Sallah, suka ƙona su. Duk wanda ya ga hotunan nan sannan ya kalli mutuwar Usman Dangari, dole zuciyarsa ta motsa. Amma a duba wanda ya jefa addar. Okafor ba mugu ba ne a fim ɗin. Uba ne da aka kashe wa 'ya, ya ga hukuma tana jan ƙafa, aka nuna masa baƙo, ya gamsu. Shi kansa baƙo ne a Akote. Idan mutumin Zuru yana neman kansa a cikin fim ɗin nan, ina ganin ya fi kusa da Okafor fiye da Usman.

Mu ne aka kashe wa mutane. A farkon Yuni na 2021 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, sama da 60 suka rasu, mazajen da suka fita kare garuruwansu a lokacin da babu wanda ya zo. Ƙasar da ta sha irin wannan, kuma kusan kowane gida akwai soja ko tsohon soja, ba a buƙatar a koya mata zafin zuciyar Okafor. Saboda haka ne ma ya kamata mu ji tsoron addar da ke hannunmu. Kowa a Arewa maso Yamma ya san yadda a Zamfara aka riƙa tsintar Bafulatani a kasuwa a kashe shi ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba, kuma kowa ya san cewa hakan bai rage harin dare ko ɗaya ba, sai ma ƙara wa 'yan bindiga sababbin yara da hujjar ɗaukar fansa. A fim ɗin ma haka ne: an kashe Usman, an yi shagalin rufe bincike, makashin yana nan yana fito a cikin duhu. Laifi tudu ne. Mai maganar Uromi ya hango na Edo sarai, bai duba wanda yake tsaye a kai ba.

Dattijon soja kuwa, da girmamawa nake cewa ya kauce. Fim ɗin bai ce duk ɗan mishan Dowling ne ba. Abin da ya nuna shi ne yadda iyaye ke miƙa yaro ga mai rigar addini su juya baya, saboda rigar ta hana su tambaya. Wanda ya mayar masa da martani shi ma bai tsira ba, domin a Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kira makarantar gyaran tarbiyya, wasu da mari a ƙafa, wasu suna ba da labarin lalata. Su biyun sun tsaya suna kare riga, yaran da ke ƙarƙashin rigar babu mai magana a kansu.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne samarin. Mai fim ya sa wa makashi fararen kaya da murmushi don ya nuna cewa mugunta ba ta da kama, su kuma suka ɗauki kayan da murmushin suka bar darasin. Cewa an cuci Aderopo gaskiya ne. Cewa cutar ta ba shi lasisi kan 'yan matan da ba su san Dowling ba, wannan ƙarya ce, kuma fim ɗin da kansa ya ƙaryata ta. Akwai Agbekoya, wanda Afolayan ya fito a matsayinsa. Tare aka tafi da su Legas, abin da ya sami yarima ya same shi, ya dawo gonar kokonsa da ƙiyayyar boko har ya hana ɗansa makaranta, amma bai taɓa 'yar kowa ba. Samarin ba su ga Agbekoya ba, don ba ya sa kwat.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2022 Netflix ta fitar da shiri kan Jeffrey Dahmer, wanda ya kashe maza da yara 17 a Amurka tsakanin 1978 da 1991. Shirin ya samu masu kallo ba adadi, matasa suka cika TikTok da tausayin makashin da yaba kyawun ɗan wasan, yayin da dangin waɗanda aka kashe, irin su Rita Isbell, ke cewa babu wanda ya tuntuɓe su kafin a mayar da kukansu abin nishaɗi. A gida kuma, lokacin da ake tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal a Fatakwal a 2019, wani babban jami'in 'yan sanda ya fuskanci matan da suka fito zanga-zanga da nasihar a daina karuwanci. An kama Gracious David-West a watan Satumba na shekarar, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Oktoba na 2020 kan mata tara. Yau sunansa ne ya rage a bakin mutane.

Shi ma Afolayan ba zan wanke shi tas ba. Ya buɗe fim ɗinsa da budurwa tana gudu a daji, ya ba makashinsa tarihi da dalili da hawaye, matan kuwa yawancinsu a kwance muka san su. Kusan duk finafinan makasan ɗauki-ɗai-ɗai haka suke, daga Hollywood har na Indiya da ake fassara mana a Kano, waɗanda masu tura fim a waya ke cika wa yara katin ajiya da su. Amma wannan ba hujja ba ce ga masu cewa a hana kallon irinsu. Na ji wani yana faɗar haka a wajen, cewa fim ne ke koya wa yara kisa. Waɗanda suka shiga Danko-Wasagu a kan babura ba a gidan kallo suka yi karatu ba. Hana fim zai bar mu da idon da muke da shi, idon da ke ganin mutum 88 a matsayin lamba, ya kuma fara tambayar wace ƙabila ce kafin ya tambayi wa aka kashe.

Ni kaina aikin jarida nake yi, kuma na sha rubuta “mutum kaza sun mutu” in wuce, don edita yana jira, don hanyar ƙauyen ba ta biyuwa, don neman sunaye yana cin kwana biyu. Da na koma gida daren nan na gwada wa kaina tambayar da na yi wa maƙwabcina a benci. Chidinma kaɗai na iya tunawa, ita ma don mahaifinta ya jefa adda ne.