Wasiƙa zuwa ga masu gyaran kwamfuta: kafin a zuba faifai ɗaya a kwamfuta talatin



Ina so mu tattauna a kan wani aiki da kan faɗo wa kowannenmu. Makaranta ko ofis ko cibiyar jarrabawa ta sayo kwamfutoci talatin ko ɗari, a kira ka a ce ana so a sa musu Windows da Office kafin Litinin. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, irin wannan kwangila ta yawaita. Ba wanda zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta guda za ka shirya tsaf ta zama uwar kwafi, ka ɗauki hoton faifanta, ka zuba wa sauran. Tsofaffin hannu sun yi wannan da Ghost, manhajar da aka ƙirƙira a New Zealand, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Yau ga Clonezilla, wadda ta fito daga wata cibiyar bincike a Taiwan, kyauta ce, kuma tana iya aika hoto guda zuwa ɗaki cike da kwamfutoci a lokaci ɗaya.

Dabarar ba ta da aibu. Sai dai hoton faifai manhaja kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar izinin amfani da ita. In ka yi wa takardun mota guda fotokwafi ashirin, ba su halatta mota ashirin ba. Kowace kwamfuta da za ta karɓi hoton sai ta kasance da nata lasisin, kuma wannan ƙidayar ita ce aikin farko, tun kafin ka ciro sukurdireba.

Lasisin da muka fi cin karo da shi shi ne wanda ya zo tare da kwamfuta daga HP ko Dell ko Lenovo, wato OEM. Wannan ɗaure yake da injin da ya zo da shi. Ba a cire shi a kai wata kwamfuta, in injin ya mutu ya mutu da abinsa. A zamanin Windows 7 lambar tana kan wata 'yar takarda da ake mannawa a ƙasan laftof. Daga Windows 8, a 2012, sai kamfanoni suka koma dasa ta a cikin madabod, inda Windows ke karanta ta da kanta. Wannan sauƙi ne a gare mu, domin yawancin 'yan kwatano na ofisoshin Turai da Amurka suna zuwa da halastaccen lasisinsu a ciki, mu ne ba ma dubawa. Sau nawa ake sa wa kwamfuta kirak, wato manhajar kunna lasisi ta hanyar sata, alhali tana da lasisinta na gaskiya? Buɗe ta ka buga slmgr /dlv, za ta nuna maka irin lasisin da ke aiki a kanta.

A kula da nau'i. Injin da ya zo da lasisin Home ba ya cin hoton Pro da wannan lasisin. In kayan da aka sayo gauraye ne, ka ware su, kowane rukuni da hotonsa. Waɗanda ke ɗauke da tsohuwar takardar Windows 7 kuwa, kada ka yi wa mai aiki alkawari a kansu: Microsoft ta rufe ƙofar hawa kyauta daga Windows 7 da 8 a watan Satumba 2023.

Wurin da ko ƙwararru ke tuntuɓe shi ne wannan. A ƙa'idar Microsoft, shirya hoto guda a watsa shi a kan kwamfutoci da yawa haƙƙi ne da ta bai wa masu yarjejeniyar sayen lasisi a sari, irin wadda kamfanoni da makarantu ke ƙullawa. Mai irin wannan yarjejeniya zai iya amfani da kayan girka manhajar da aka ba shi ya sake zuba wa injinan da ke da lasisin OEM, muddin manhajar iri ɗaya ce, nau'i ɗaya, harshe ɗaya. Faifan farfaɗowa da ya zo da wata kwamfuta kuwa nata ne ita kaɗai. Kuma lasisin Windows na sari ƙari ne a kan lasisin da injin ke da shi tun asali. Kwamfutar da aka harhaɗa a shago babu komai a kanta, wannan bai wadatar da ita ba, sai an saya mata cikakken lasisi. Saboda haka tambayar farko ga shugaban makaranta ita ce: ranka ya daɗe, kuna da yarjejeniya da Microsoft, ina takardun?

Masu yarjejeniya suna kunna lasisi ta hanya biyu. Akwai lambar MAK, mai ƙidayayyen adadi, duk kunnawa tana cin ɗaya. Akwai kuma KMS, inda wata kwamfuta a cikin gidan ke kunna wa sauran. Ba ta fara aiki sai injinan Windows 25 sun nemi ta, kuma kunnawar kwana 180 take yi, sai an sabunta. Wannan tsarin ne masu kirak ke kwaikwaya. Ku lura da abin da kirak ke fara nema: a kashe manhajar tsaro. In ka yi haka a kan uwar kwafi, duk abin da ya shigo tare da shi ka raba wa kwamfuta talatin da hannunka, a ɗakin da yara za su rubuta jarrabawa ko a ofishin da ake ajiye albashin mutane. Ni dai ban ga kuɗin aikin da ya kai wannan kasadar ba.

Ko lasisi ya cika, kada a ɗauki hoto sai an bi ta Sysprep tare da umarnin generalize. Shi ke goge shaidar da ta keɓanta da injin farko, domin kowace kwamfuta ta tashi da tata. In an tsallake shi, KMS na iya ɗaukar injina talatin a matsayin guda, ƙidayar 25 ta ƙi cika, ka wuni kana neman laifi a waya da suwic. Microsoft ma ba ta tallafa wa Windows da aka kwafa ba tare da shi ba. A kashe BitLocker tukuna, kada a shiga asusun kowa a kan uwar kwafin, kuma faifan da za a zuba wa kada ya gaza na asali girma.

Office da manhajar tsaro da su CorelDRAW da AutoCAD kowanne da nasa sharaɗin, wani bisa inji, wani bisa mutum. Lasisin Windows bai rufe su ba.

Na san amsar da za a ba ku: babu kuɗi. Gaskiya ne, lasisi da dala ake sayensa. To a faɗa wa mai aiki cewa akwai hanyar da ba ta buƙatar sata. Ubuntu ko Linux Mint tare da LibreOffice, lasisinsu da kansa ya yarda a kwafa ko sau dubu ne. Ga ɗakin koyon buga rubutu da lissafi da shiga intanet sun isa, kuma suna tafiya a kan tsofaffin injinan da Windows 11 ta ƙi saboda rashin TPM 2.0, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. A nan ma a sauya sunan kowace kwamfuta da lambar shaidarta bayan kwafa. In kuwa manhajar da za su yi aiki da ita sai Windows, to a sa kuɗin lasisi a cikin kiyasin kwangila tun farko, baƙi da fari.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Ranar da tambaya ta taso, mai makaranta zai ce shi bai san komai ba, mai gyara ya kira, kuma gaskiyarsa ce. Don haka ina roƙonku, duk aikin da kuka gama, ku rubuta lambar kowane inji da irin lasisin da ke kansa da inda aka samo shi, mai aiki ya sa hannu, ya riƙe kwafi ku riƙe kwafi. Wanda ya nace sai kirak, ku ba shi haƙuri ya nemi wani.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a.